Sarauniya Muza da Kanarin Manucehr

Alhamis, 19 ga Bahman

Muza ta shigo gidana.

Na rubuta, na sake karantawa. Rubutun ma ya karkace, ni da sana'ata gyaran agogo ce, mai hannun da ba ya kuskuren ƙusa mai kaurin gashi.

Tun da Baba ya rasu ya bar mini akwatinsa na dirhamin Ashkaniyawa, kuɗin azurfar tsoffin sarakunan ƙasar nan, nake cike ramukan ɗaya bayan ɗaya, kowane sarki da raminsa. Littafin da na saya Partiyawa yake kiransu. Mu dai Ashkaniyawa muka sani. Wahalarsu guda ce: kusan dukkansu suna ɗaya suka buga a kuɗinsu, Ashk, sunan kakansu. Sai da gemu da hula da hanci ake rarrabe su. Orod kuwa da tusar jakin da ke goshinsa. A tsakiyar akwatin akwai ramin da ya shekara da shekaru babu kowa. Na sarauniya Muza ne.

Yau a gidan shayin bakin kasuwa, inda muke taron Alhamis, Agha Esfandiyar dattijon ƙungiyarmu ta masu tara tsoffin kuɗi ya turo mini ita, dirhamin Muza, a cikin 'yar takarda. Ya ce idonsa ya tafi, ya daina ganin fuskarta, gara ta koma wurin mai gani. Na ƙi yadda ya kamata. Ya nace, na ƙi. Sai da ya rantse da kabarin mahaifinsa, sannan na san da gaske yake. Na ba shi dirhamin Mehrdad na biyu mai doguwar hula a madadinta. Ya shafa, ya ce, "Wannan ko a makance na san hancinsa."

Gefe ɗaya ɗanta ne, Farhad ƙarami. Gefe ɗaya ita. A sauran dirhaman, mai baka da kibiya ne zaune a baya. Ita ta tashe shi ta zauna.

Turan matata ta duba ta ce, "Hushang-jan, Allah ya sanya alheri. Miya ta huce."

Juma'a, 20 ga Bahman

Shakka ta zo da safe kamar yadda ta saba. In idon Agha Esfandiyar ya tafi, wa ya san abin da aka taɓa musanya masa?

Na ɗora ta a ma'auni. Daidai. Na bi bakinta da gilashin aiki, babu layin zubi, bugun guduma ne. Alamar gidan bugun Hamadan tana nan a gefe. A garin nan aka buga ta, wataƙila a ƙarƙashin layin da nake bi zuwa shago.

Ta gaske ce. Tawa ce.

Talata, 24 ga Bahman

Wani mai agogon aljihu ya ce, "Usta, yau waƙa kake yi?" Ban san ina yi ba.

Alhamis, 26 ga Bahman

Za a yi nuni a zauren ɗakin karatu na gari, rana ta uku ta sabuwar shekara. Kowa zai kawo abin da yake taƙama da shi. Agha Esfandiyar ya ce Muza ce za a sa a tsakiya, kuma ni zan tsaya in ba da labarinta.

Ni. Wanda a makaranta malam ya kira ya karanta layi biyu ya kasa. A cikinmu akwai likita, akwai tsohon malamin tarihi. Na ce a ba su. Likita ya ce, "Mai ita shi ke magana, Usta, kada ka lalata mana shayi."

Na fara tsara abin da zan ce. Baiwa ce, sarkin Rum ya aiko wa Farhad na huɗu ita kyauta. Ta haifa masa ɗa. Ta lallaɓa shi ya tura sauran 'ya'yansa Rum. Sannan ta ba shi guba. Sannan ita da ɗanta a kan karaga, har manyan ƙasa suka gaji suka kore su. In na faɗi wannan ba tare da na haɗiye harshena ba, na gama.

Na gwada a gaban madubi. Ba laifi. Ba laifi ko kaɗan.

Juma'a, 4 ga Esfand

Ban san ta inda zan fara ba. Bari in bi a jere.

Mun yi abincin rana na dangi. Madar-jan, mahaifiyar Turan, ta zo. Mahwash ƙanwar Turan ta zo da mijinta Manucehr, bajanak ɗina, mai shagon tayoyi. Ni da shi abin da ya haɗa mu shi ne mun auri 'ya'yan mace ɗaya. Shi ya cika ɗaki da murya, ni ina zuba shayi. Haka muke tun farko.

An ci, ya cinye ƙanzon shinkafa kamar kullum. Sai Turan, da kyakkyawar niyya, ta ce, "Hushang zai yi jawabi a ɗakin karatu." Ya ce, "Wa? Bajanak? A kan me, zaren agogo?" Abin ya taɓa ni. Na tashi na ɗauko akwatin. Ni na ɗauko da hannuna, ba wanda ya sa ni.

Ya ɗauke ta da yatsu masu maiƙo. Ya juya. Ya ce, "Kai! Wannan matar akwai kyau. Wallahi ban taɓa ganin abu mai kyau irin wannan ba."

Bakina ya ce, "Pishkesh. Taka ce."

Me zan ce? Ko yaron goye a ƙasar nan ya san in an yabi abinka cewa za ka yi naka ne, shi kuma ya ce a'a, Allah ya bar wa mai shi, a wurinka ya fi kyau. Mai tasi ma cewa yake bar kuɗinka, kuma ba wanda ya taɓa sauka bai biya ba. Magana ce kamar sallama.

Manucehr ya ce, "Allah ya raba hannunka da ciwo, bajanak." Godiyar wanda ya karɓa ke nan. Ya jefa ta a aljihun kwat.

Na jira. Na ce yanzu zai yi dariya ya fito da ita. Ya nemi ƙarin shayi. Mahwash ta sunkuyar da kai. Madar-jan tana ɓare rumman, ba ta ɗago ba. Na raka su har ƙofa. Har na ce su gaida gida.

Asabar, 5 ga Esfand

Ramin yana nan. Ya fi da girma.

Litinin, 7 ga Esfand

Turan ta je wurin Mahwash ta dawo da labari. Zai kai wa maƙerin zinariya ya huda ta, a zura sarƙa, kyautar sabuwar shekara ga Mahwash. Huda. A saman kai, daidai kan kambin.

Turan ta ce, "Je ka ce ya ba ka abinka mana."

Na ce a gaban mahaifiyarki na ce tasa ce. In na je na karɓe, har in mutu ni ne mutumin da ya lashe abin da ya tofar. Shi kuma zai faɗa wa duk direban da ya zo sauya taya. Ke da Mahwash kuma ku koma gaisuwa daga nesa.

Ta ce, "To sai ka zauna a huda."

Ba ta yi ƙarya ba.

Talata, 8 ga Esfand

Na je shagonsa da niyyar in faɗa. Na shirya maganar tun a hanya.

Ya rungume ni, ya aika a kawo shayi. Muka yi zancen dusar ƙanƙara, muka yi zancen tsadar roba. Ya ciro ta daga aljihu, tare da makullai, wallahi tare da makullai, ya ce gobe zai kai wa wani maƙeri a bayan tasha. Maganar da na shirya ta gudu. Abin da ya fito shi ne, "Kada ka ba kowa sai Usta Gorgin. Tsohuwar azurfa tsagewa take a hannun wanda bai iya ba."

Gaskiya ce. Kuma gaskiya ce Usta Gorgin yana Tehran wurin 'yarsa, ba zai buɗe ba sai Asabar ta ƙarshe kafin sabuwar shekara. Ya ce, "Kai ka san wannan harka, zan jira shi."

Na fito ina zagin kaina. Na je karɓo abina, na ɓuge da zaɓa masa mai hudawa.

Amma dai na sami kwanaki. Wannan ma wani abu ne.

Alhamis, 10 ga Esfand

A taro Agha Esfandiyar ya ce, "Yaya sarauniya?" Na ce lafiya lau take. Na sauya zance.

Da na dawo na zauna gaban akwatin ina juya su ɗaya ɗaya, don in ba hannuna aiki. Kowanne na juya, mai baka. Mai baka, mai baka. Sai na tsaya.

Ai mutanen nan ba su taɓa cin Rumawa gaba da gaba ba. A yaƙin Harran, Surena sarkin yaƙinsu bai tsaya a gaban garkuwoyinsu ba. Mahayansa juyawa suka yi kamar sun karaya, Rumawa suka saki jiki suka biyo su, su kuma daga kan doki, ana gudu, suka waiwayo da baka.

Shekarata nawa ina goge fuskokinsu, ban koyi komai ba.

Manucehr yana da wani tsuntsu, kanari. Sunansa Shazde. Rawaya kamar kwaiduwa. Ya ci gasar kuka a gidan shayin masu tsuntsaye har sun daina so ya zo. Shi yake wanke masa keji da hannunsa, mutumin da bai san inda ake ajiye cokali a gidansa ba. Mahwash ta taɓa cewa in gobara ta tashi, ta san wanda za a fara fitarwa.

A'a. Ba halina ba ne. Ba zan iya ba.

Zan iya?

Lahadi, 13 ga Esfand

Na fara gudu, irin na mahayan Surena.

Jiya na aika masa da kwalin alewa. Yau na karɓi agogonsa na wanke, na sa masa sabon maɗauri, na ƙi karɓar komai, ƙin gaske. Na ce masa raina ya yi fari da sarauniya ta sami gidan da ya dace. Ya bubbuga bayana har na yi tari. Ya ce, "Ka ga, shi ya sa nake gaya wa Mahwash, bajanak ba shi da baki amma akwai zuciya."

Turan ta zaci na taɓu. Dole na gaya mata. Ta dube ni, ta zauna a kan buhun shinkafa tana dariya har da hawaye. Ta ce, "Kai? Kai ka ƙulla wannan?"

Ta gano abin da ban gano ba. In mu biyu ne kawai, ba zai ce komai ba, zai yi dariya ya sauya zance. Sai a gaban wanda yake jin kunya. Ta ce in bar mata. Juma'a akwai abinci a gidansu, Madar-jan za ta je, da Haji Nosrat, kawun Manucehr wanda ya buɗe masa shago.

Ban tambaye ta abin da ta gaya wa Madar-jan ba. Ba ta faɗa ba.

Alhamis, 17 ga Esfand

Gobe ce ranar. Na ce wa Turan ko a bari. Ta ce, "Na riga na goge maka kwat."

Juma'a, 18 ga Esfand

Na yi! Na yi!

A jere, Hushang, a jere.

Gidan ya cika da ƙamshin miyar ganye. Haji Nosrat a saman shimfiɗa da carbinsa, Madar-jan kusa da murhu. Manucehr yana ta ba Haji labarin yadda hannunsa yake a sake, wa ya ba taya bashi, wa ya yafe wa. Har ya nuna ni, ya ce, "Mu a gidan nan ba mu san nawa da naka ba. Tambayi bajanak." Na ce haka ne. Allah ya sani, shi ya ɗaura wa kansa sirdi.

Bayan abinci ya sauko da kejin ya ajiye a tsakiya. Ya yi fito. Tsuntsun ya buɗe baki. Dole in faɗi gaskiya, ban taɓa tsayawa na saurare shi ba sai yau. Kamar ruwa na gangarowa daga dutsen Alwand.

Na ce, "Ma sha Allah. Wannan tsuntsu akwai kyau."

Ya ce, "Ya tsufa, ya tsufa." Ya miƙa hannu zai ɗauke kejin. Ya ji warin abin.

Na ce, da ƙarfi, muryar ma ban san tawa ba ce, "Wallahi ban taɓa ganin abu mai kyau irin wannan ba."

Maganarsa ce. Ya gane ta. Na ga kunnensa ya yi ja.

Haji ya daina jan carbi yana jira, don shi bai san komai ba, abin da ya sani kawai an yabi abu a gidan ɗan ƙanwarsa kuma ba a amsa ba. Madar-jan ba ta ɗago daga kofinta ba. Ta ce, "Manucehr-jan, baƙonka ya yi magana."

Ya ce, can ƙasa, "Pishkesh."

Haji ya ce, "Me? Ɗaga murya, ɗana."

"Pishkesh! Naka ne."

Na ce, "Allah ya raba hannunka da ciwo, bajanak."

Na tashi na ɗauki kejin. Haji ya buɗe baki. Mahwash ta ruga kicin, na ji wani sauti, ko tari ko dariya. Na gaishe da kowa ɗaya ɗaya, ban yi gaggawa ba. Manucehr ya rako ni ƙofa don dole, yana cewa, "Ba ya son iska. Ba ya cin latas mai sanyi. Bajanak, ka rufe shi, ka rufe shi mana!"

Na cire kwat ɗina na lulluɓe kejin. Na taho cikin dusar ƙanƙara da riga ɗaya, ban ji sanyi ba. Turan tana bayana tana cewa in rage sauri. Mai gasa gwoza a bakin layi ya ce, "Usta, me ka samo?" Na ce, "Ganima."

Asabar, 19 ga Esfand

Na buga ƙusa kusa da taga, inda rana ke shigowa, na rataye shi.

Bai yi kuka ba. Ya ƙudundune a kan sanda yana kallona da ido ɗaya.

Lahadi, 20 ga Esfand

Har yanzu shiru. Ya ɗan ci. In ya mutu a hannuna fa? Sarakunana ba sa ci, ba sa sha, ba sa mutuwa sau biyu. Ban yi tunanin wannan ba. Surena ma da ya ci yaƙi ya koma gida, Orod kashe shi ya yi. Kowace nasara da wutsiyarta.

Na rufe shago da wuri na dawo na duba shi. Na sa masa ruwa mai ɗumi.

Litinin, 21 ga Esfand

Manucehr ya zo shago. Wai wucewa yake. Shagonsa yana wancan ƙarshen gari.

Ya ajiye ƙullin iri a kan tebur. "Wannan yake ci. Na ga ya rage a gida, kada ya lalace." Idonsa ya faɗa. Ya tambayi lafiyar Turan, ya tambayi lafiyar agoguna, sannan, yana kallon bango, "Yana kuka?"

Na ce, "Yana hutawa."

Shi ma ba zai iya cewa in ba shi ba, a gaban Haji ya ce nawa ne. Ramin da na kwana a ciki, ga shi a ciki. Na tambaye shi yaya sarauniya. Ya ce tana hutawa.

Na zuba masa shayi. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Na kuma ji wani abu daban da ban so ba.

Talata, 22 ga Esfand

Ranar tsallaken wuta, bikin da ake hura wuta a layi ana tsallakawa kafin sabuwar shekara. Tun la'asar layi ya cika da hayaƙi da ƙarar abin fashewa. Turan ta fita wurin maƙwabta. Ni na zauna, don Shazde yana ta dukan keji da fuka-fuki. Na rufe shi da mayafi, na zauna kusa ina gwada fiton Manucehr. Ban iya ba. Na yi ta yi.

Can ya amsa. Ɗan guntu, kamar ƙarar ƙaramin agogo.

Turan ta shigo tana warin hayaƙi ta same ni da kai a cikin mayafi. Ta ce ba ta ga komai ba.

Usta Gorgin zai buɗe ranar Asabar.

Alhamis, 24 ga Esfand

Sulhu.

Mahwash ta gaya wa Turan, Turan ta gaya mini: yana so mu haɗu. Ba gidansa ba, ba gidana ba. Na zaɓi gidan shayinmu, bayan an tashi daga taro. Farhad ƙarami, ɗan Muza, da zai yi sulhu da Rumawa, a tsibiri suka haɗu a tsakiyar kogin Furat, don kada a ce wani ya je wa wani. Na ɗauki kejin a lulluɓe na ajiye a kan benci.

Mayarwa ba ta yiwuwa. Wanda ya mayar maka da kyauta ya zage ka. Na yi ta tunanin yadda zai yi, ashe shi ma ya kwana yana tunani.

Ya zauna. Bai kalli kejin ba, wuyansa har ya ƙage don kada ya kalla. Ya ciro hankici fari, sabo, ya buɗe a hankali. Tana ciki. Ba makullai. Ya ce, "Bajanak, ka san kayan tarihi. Dubi wani abu da nake da shi."

Na sa gilashi. Na bi ta gaba da baya. Ba ƙwarzane ko ɗaya, Alhamdu lillahi. Na ce, "Ma sha Allah. Ban taɓa ganin abu mai kyau irin wannan ba."

Kafin in rufe baki, "Pishkesh!"

"Allah ya raba hannunka da ciwo."

Na naɗe ta na sa a aljihun ƙirji. Na yaye mayafin. Ya duba ya ce, "Kai, wannan tsuntsu naka akwai kyau."

Na ɗauki ƙwayar sukari na sa a baki. Na kurɓi shayi. Na sake kurɓa. Agha Esfandiyar, wanda na zaci ya tafi, ashe yana zaune a lungu, ya ce, "Usta, ka ji tsoron Allah."

Na ce, "Pishkesh."

Ya yi fito. Shazde ya saki murya har mai shayi ya tsaya da buta a hannu. Ƙato kamar Manucehr yana share ido da bayan hannu.

Da za mu rabu ya ce, "Ka san me ya sa na ɗauka? Shekara nawa ina zuwa gidanka, ba ka taɓa nuna mini akwatin nan ba. Kamar zan ci. Na ce bari in ga ko bajanak yana da jini a jiki." Na ce to ka gani. Ya ce, "Na gani, Allah ya isa."

Ban sani ba ko gaskiya ya faɗa ko gyara fuska yake. Amma gaskiya ne ban taɓa nuna masa ba.

Ta koma raminta.

Juma'a, 3 ga Farwardin

Sabuwar shekara, sabon kwat, zaure cike.

Layin farko na haɗiye shi. Na biyu ya fito. Daga nan ban san yadda aka yi ba, na bar takardar a aljihu. Na nuna musu hancin Mehrdad, na nuna tusar jakin Orod, aka yi dariya inda ya kamata. Tsohon malamin tarihi ya gyara mini shekara guda, kuma shi ke da gaskiya, na gode masa, ƙasa ba ta tsage ba. Likita ya ce in sake yi a kaka.

Manucehr ya zo da Mahwash, ya tsaya a gaba yana gaya wa duk wanda ya matso, "Wannan sarauniyar a gidana ta yi hutu." Da na kai wurin gubar, ya juyo ya kalli Mahwash. Ta ce, yadda rabin zaure ya ji, "Au, ita ce ka so ka rataya mini a wuya? To yanzu nake so." Usta Gorgin zai ɗauki siffarta da kakin zuma ya zuba mata sabuwa. Ni na kawo shawarar. Waccan a huda ta yadda ake so.

Wani baƙo mai hular gashi ya daɗe a kanta, ya ce bai taɓa ganin mai kyau irinta ba. Na ji kalmar ta taso har bakin haƙorana. Na ce, "Na gode. Idonka ne mai kyau." Manucehr ya yi tari a bayana.

Madar-jan ta ba ni sabuwar takardar kuɗi daga cikin Alƙur'ani, kamar yadda take ba jikoki. Ta ce, "Ta mai baka ce."

Litinin, 13 ga Farwardin

Kowa ya fita daji yau kamar yadda al'ada take, mu ma mun shimfiɗa a gindin Alwand kusa da ruwa. Manucehr ya cinye ƙanzo. Ya zo da kejin, wai Shazde ma ya sha iska, ya rataye shi a reshe daidai kaina. Ban ce ya matsar ba.

Ya tambaye ni wane ne ya kashe wane tsakanin Orod da ɗansa. Na fara gaya masa, bai katse ni ba. Ina da Orod biyu, ɗaya ya ɗan sude amma tusar jakin tana fitowa sarai. Na ba shi. Ya ƙi, ya ja da baya kamar na miƙa masa garwashi. Sai da na rantse da kabarin Baba.

Mun dawo. Na buɗe akwatin, kowa yana raminsa, sai ɗaya Orod ɗin da na ba Manucehr, wanda dama ba shi da rami. Komai daidai. Gidan ne dai shiru. Da ma haka yake, ban san me ya sa nake ji yanzu ba.

Turan ta ce in cire ƙusar nan ta bakin taga kafin ta yaga labule. Na ce gobe.

Ragowar irin yana cikin gwangwani. Jiya na ƙara awo ɗaya, tunda hanya ta bi da ni ta kasuwar tsuntsaye. Kallo kawai na tsaya yi.